Sabon ƙarfen da na sa wa injin Kawu

Shekarun baya, lokacin shagona na kafinta a Mafara bai wuce rumfar kwano da benci ba, mahaifiyata ta kira ni ta ce in je in sayi injin tsaga katako na yayanta. Kawun nawa tsohon kafinta ne a wani ƙauye bayan Maradun, inda 'yan bindiga suka fara hana mutane sakat. An yi an yi ya taso, ya ƙi. Ya ce shi ba zai zauna gidan ɗan ƙanwarsa ana miƙo masa tuwo ba.

"In ka ɗauko injin nan, shi ma ka ɗauko shi," in ji ta. "Ba shi iya kwana nesa da shi."

Ta fi ni sanin ɗan'uwanta. Motar da ta kawo injin ita ta kawo Kawu, yana zaune a baya da buhun kayansa, wai ya zo ya koya mini ne ya koma.

Injin ya girme ni. Teburin ƙarfe ne mai nauyin bala'i, zarto a tsakiya, sai ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa don tsaga ta fita a miƙe. Wannan ƙarfen ya lanƙwashe, notinsa ya cinye. Kafin kowace tsaga sai Kawu ya dake shi da guduma, ya cusa masa guntun katako, ya kanne ido, sannan ya danne shi da tafin hannu dab da haƙoran zarto. Ni da na gwada, abin da na fitar ko akurkin kaji ba zai yi ba. Sai tsaga ta zama tasa, haɗawa tawa. Shi ke riga ni zuwa shago, ya wuni yana yi mini faɗa, ya ci tuwonsa hankali kwance don ya yi masa gumi.

Wata ranar kasuwa katako ya ƙwace ya ja hannunsa, zarto ya tsarge masa babban yatsa. Jini har a rigata. Da mahaifiyata ta ga ɗinkin, ta juyo kaina: "Injin ga shi cinye mai hannu kana kallo?" Ni ma na tsorata sosai. Kawu na jinya na kai wa abokina mai walda a Bakura awo, ya ƙera mini sabon ƙarfe mai gudu a kan bututu, da mariƙin da in ka murɗa ya kulle kam. Na yi ta washe baki kamar wanda ya sayi mota.

Ranar da Kawu ya dawo shago, ya tura katako, ya ɗaga ya dubi gefen, ya shafa.

"Madalla," ya ce. "Yanzu ko makaho ya tsaga."

"Ai shi ke nan, Kawu, sai ka huta."

Daga ranar sai ya zauna kan benci yana kallona ina tsaga, ba faɗa, ba gyara. Tuwonsa ya fara komawa cikin gida da saura. Ruwan farko na sauka ya ce za shi ya shuka gonarsa. Mahaifiyata ta riƙe masa riga tana kuka. Ni kuma na ce yanzu zan kwance sabon ƙarfen in mayar da tsohon.

"Ɗana, kak ka maishe ni abin tausai," ya ce. "Aikin ga ba shi buƙatata. In zamna ina gadin inji?"

Haka ya koma ƙauye. Ana cikin maimai, noma na biyu, aka bugo waya. A gona 'yan bindiga suka same shi, suka kashe shi. Hanya ba ta biyuwa, ko jana'iza ba mu samu ba.

Har yau da injin nake ci, kuma ba wanda ya sake yankewa a shagona. An ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Sai dai na gane cewa dattijo irin Kawu ana riƙe shi ne da aikin da sai shi, kuma abin na ci mini rai har gobe. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ita ma kanta take tuhuma. Ranar da 'yan gaisuwa suka watse ta dube ni ta ce, "Da mun bari ya rasa yatsan, da yana nan."