Alawar Katifa da Hannun da Ya Kaɗa Ta

Tun daga kan kwanar makarantar Islamiyyar unguwarmu na san akwai abin da ya faru, domin babu yarinya ko ɗaya da ta rugo. Kullum in na ɓullo da farin bokitina a ka, kafin in sauke sun kewaye ni, wannan ta ja mini hijabi, waccan tana miƙo hannu. Ran nan kuwa suna tsaye jikin bango, sun zuba mini ido kamar wadda ta fito daga kabari. Na sauke bokiti na buɗe murfi. Wata 'yar ƙarama da labari bai kai mata ba ta taho, na ɗauko guda na ba ta. Kafin ta kai baki uwarta ta fito daga wani zaure da gudu, ta buge hannun, alawar ta faɗi cikin ƙasa.

"Tahi ki wanke hannunga da ƙasa!" ta daka wa yarinyar tsawa. Sannan ta juyo kaina. "Ke ɗiyag ga, ba ki tsoron Allah? Alade kika ba ɗiyan Musulmi?"

Ban gane ba da farko. Har na waiwaya in ga ko da wata take. A waiwayen nan idona ya faɗa kan ƙawata, tana zaune inda ta saba zama da farantin tuwon madararta, yau an yi mata cincirindo. Ba ta ɗago kai ba. Shekara shida muna benci ɗaya a sakandare, na san yadda take sunkuyar da kai in ta yi abin kunya. Ban ankara ba sai dutse ya sauka jikin bokitina, kwas! Na biyu ya wuce ta gefen kunnena. Na suri bokitin na bar murfin a nan, ban san lokacin da takalmina ɗaya ya fita ba.

Abin da nake sayarwa Turawa suna ce masa mashmalo. A waya na gan shi bayan mun gama makaranta, ina zaman gida babu abin yi. Fari ne fat, da laushi, in ka danna shi ya lotsa ya dawo, shi ya sa yara suka sa masa suna alawar katifa. Waɗanda na kalla suna yi duk da wani gari suke haɗawa, jelatin, shi ke sa ta kama jikinta. Na samo ƙunshi ɗaya a wani shagon kayan kek a cikin kasuwar Jega, ƙawar nan tawa ce ma ta raka ni. Muna dawowa na tuna malamin kimiyyarmu ya taɓa cewa daga ƙashi da fatar dabbobi ake yin sa, wani na saniya, wani na kifi, wani na alade. Na juya ledar gaba da baya, babu inda aka faɗi na wace dabba ne. Na ce mata, "Ni dai raina bai kwanta ba, kada in je na alade ne." A gabanta na jefa shi cikin kwandon shara, ko buɗe shi ban yi ba.

Wata biyu na yi ina ɓata wa Inna sukari kafin in dace. Akwai masu yin ta ba tare da komai na dabba ba, suna sa wani gari na ciyawar teku, amma wa zai kawo mini ciyawar teku Jega? Sai na ga an ce mutanen da can da ƙaro suke yi. Ƙaro kuwa Kakata da ke garin Giwa Tazo tana aiko mana da shi cikin tsumma duk shekara. Kumfar kuma, maimakon farin ƙwai, ruwan dafaffen farin wake ne, wanda muke zubarwa a kwata. Na farko ya fito kamar kunu, na biyu kamar danƙo, Inna tana cewa ko awaki ba su ci. Ranar da ta kama, na yanka ta tsaya da ƙafarta, sai da na yi rawa a tsakar gida.

Ba zan wanke kaina tas ba. Da yara suka bar farantinta suka dawo bokitina, sau uku ƙawata tana roƙona in koya mata, ni kuma ina ce mata gobe, jibi. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma wanda aka hana wa gishiri ba ya cinna wa rumbu wuta.

Na isa gida ƙafa ɗaya babu takalmi, na wuce Inna na shige ƙuryar ɗakinta. Ba a jima ba yayana ya bugo waya daga Aliero, inda yake lodin albasa. Ya ce a bakin mota ya ji ana cewa an kama wata yarinya a Jega da buhun kitsen alade. Buhu! Cikin yini ɗaya ledar da ba ta cika tafin hannu ba ta zama buhu. Kafin magariba samari sun taru a ƙofar gidanmu, ina jin muryoyinsu daga ƙuryar ɗakin Inna, wasu na san su, na sha ba ƙannensu alawa kyauta. Wani yana cewa a fito da ita. Wani ya jefo ɓallin bulo ya sauka bisa kwanon ɗaki. Har yau in abu ya faɗo a kan kwano sai na tuna daren nan.

Baba ya fita ya tsaya a bakin zaure har suka watse don salla. Da ya shigo ya ce da asuba za a sa ni a mota a kai ni wurin Kaka, in zauna sai ƙura ta lafa.

"Ba ta zuwa ko'ina," in ji Inna. "In tat tahi, ta amsa laihi ke nan. Mu kuma mu zauna da wane ido? Ka tahi wurin Malam."

Malam shi ne mai makarantar, tsoho ne, a hannunsa rabin unguwa suka yi karatu, har da masu jifar. Baba ya je ya dawo da saƙo. Gobe da hantsi in zo gidansa, kada in riƙo komai na haɗi daga gidanmu, a gaban mata zan yi alawar daga farko har ƙarshe. Wadda ta kawo maganar ita ma za ta zo.

Tsoro bai bar ni ba, amma wani abu ya zo ya zauna kusa da shi. Na yi ta ƙulla abin da zan yi mata. Na tuna sirrinta da na riƙe tun muna aji uku, na jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanyar albasa. Na ce zan tona su a gaban kowa. Da gari ya waye sai na ga duk sun yi mini kaɗan. Ina da ɗan injin kaɗa ƙwai da yayana ya sayo mini, in akwai wuta minti goma ya isa ya tayar da kumfa. Malam kayan haɗi ya hana, bai hana inji ba, kuma ranar akwai wuta. Na ɗauke shi na tura ƙarƙashin gadon Inna.

Baba a gaba, Inna a baya, ni a tsakiya, haka muka ratsa unguwa. Tsakar gidan Malam cike da mata, har bisa turmi an zauna. Malam yana kan buzu a bakin zaure ta ciki, inda zai ga murhu. Ƙawata tana gefe da uwarta, ta fito da ledar jelatin ɗin nan ta ajiye a gabansa. Ashe tun ranar ta tsince ta daga shararmu ta adana. Wata bakwai tana ajiye da ita, tana zuwa gidanmu, tana cin tuwonmu.

Matar Malam, wadda kowa ke kira Inna Babba, ta ɗauki ledar ta matsa ta, ta duba bakinta. "Wagga ko buɗe ta ba a yi ba."

"Wasu ta saye," in ji uwar ƙawata. "Wa ya san ko nawa?"

Malam ya ɗaga hannu. "Shi ya sa munka taru. Ɗiyata, mi kika bukata?"

Na ce farin wake, sukari, lemun tsami, sitacin masara, sai ƙaro.

"Ƙaro?" Ya gyara zama. "Wane irin ƙaro?"

"Irin na tawada, Malam."

Ya tura aka ɗauko masa wani gwangwani daga ɗakinsa. Ya zazzage a tafin hannu, ga shi nan jajaye-jajaye yana ƙyalli. "Da wanga nika haɗa tawadar da ɗiyanku ka rubutu da ita, su wanke su sha. In shi na alade na, to mun daɗe da halaka." Wasu mata suka yi dariya, ta farko da na ji tun jiya.

Inna Babba ta ɗebo wake daga tukunyarta ta ɗora. Aka daka ƙaron aka narkar da shi a ruwan zafi aka tace. Da waken ya nuna na ce a tsiyaye ruwan, a mayar da shi wuta ya ƙone ya rage rabi, a bar shi ya huce. Duk da baki nake faɗa, hannuwana suna cikin hijabi. Da aka zuba shi a kwano aka matsa lemun tsami, Inna Babba ta miƙo mini maburgi. Ban karɓa ba.

"Malam," na ce, "an ce hannuna da najasa. In na taɓa, gobe a ce daga farcena ya fito. Wadda ta kawo ƙara, ita ya kamata ta kaɗa."

Ƙawata ta ɗago kai karo na farko. "Ai tana da inji! Da inji take yi!"

"Injin daga ƙasar waje aka kawo shi," na ce. "Wa ya san da man me aka shafe shi?"

Malam ya shafa gemu. Ban sani ba ko ya gane abin da nake yi, ina zaton ya gane. Ya ce, "Ba ta maburgi."

Ruwan wake ba miyar kuka ba ce. Da hannu, sai mutum ya yi sa'a guda yana murza maburgi tsakanin tafukansa, kuma in ya tsaya kumfar ta kwanta, a koma farko. Na durƙusa dab da ita ina kallo. Da farko da fushi take murzawa, kwanon yana ƙara. Can sai kafaɗunta suka fara sauka, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta jiƙe hijabi. Ta dakata ta yarfe hannu.

"Kada ki tsaya," na ce a hankali. "Za ta kwanta."

"Don Allah ki karɓa mini kaɗan," ta ce, yadda ni kaɗai zan ji. Ta kira ni da sunan da take kirana da shi tun muna aji ɗaya.

"Sau uku kika ce in koya miki. To ga shi ina koya miki."

Uwarta ta yunƙura za ta taya ta, Inna ta ce, "A'a, Hajiya, ai ba ke kika gani da idonki ba, ita ta gani." Uwar ta koma ta zauna.

Na ga lokacin da fatar tafinta ta tashi, na ga lokacin da ta fashe. Ina so in rubuta cewa na ji tausayi, amma ban ji ba. Dutsen da ya wuce ta gefen kunnena nake ji, da muryar mai cewa a fito da ita. Ina duban hannun nan ina cewa a raina saura, saura.

Kumfar ta tashi fara sol, har aka kifa kwanon ba ta zubo ba. Mata suka yi ta salati, wai ruwan wake ne wannan? Inna Babba ta dafa sukari da ruwan ƙaron, na ce ta ɗiga a ruwan sanyi, in ya dunƙule kamar ƙwallo mai taushi ya yi. Ta riƙa tsiyaya shi siriri cikin kumfar, ƙawata tana ci gaba da kaɗawa tana kuka, har abin ya yi kauri yana sheƙi. Aka barbaɗa sitaci a faranti aka juye, aka rufe da faifai. Ana kiran azahar.

Sai jira, don sai ta sha iska take kamawa. Aka sa ni a ɗakin Inna Babba. A nan daɗin ramuwar ya gudu ya bar ni da tsoro tsirara. Ƙaron Malam ba irin na Kaka ba ne, kuma ni kwana nake barinta, yau sa'a biyu kawai za ta samu. In aka buɗe aka ga kunu fa? Za a ce ga shi nan, sai da abin nan take kamawa. Ta taga ina jin samari sun fara taruwa a waje. Aka kawo mini fura, na ture ta gefe.

Da la'asar ta gabato aka kira ni. Inna Babba ta ɗaga faifai, ta danna da yatsa. Ya lotsa, ya dawo. Ba ta kama kamar yadda nake so ba, wuƙa tana ɗan manne mata, amma ta yanku, ta tsaya. Na zauna a ƙasa.

Malam ya ce a fara ba wadda ta kaɗa. Ta kasa riƙewa da tafin hannu, da 'yan yatsu biyu ta ɗauka ta sa a baki, hawaye yana gangarowa har cikin sitacin. Sannan shi ma ya ɗauka, ya yi bismilla, ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Wagga ai ta tsohi ta," ya ce. "Ba ta son haƙori."

Ya ɗauki farantin da kansa ya fita da shi masallaci. Muna ciki muka ji an sallame, muka ji muryarsa sama-sama, ya daɗe yana faɗa wa jama'a abin da ya gani da idonsa. Ƙawata ta matso inda nake, hannuwanta a buɗe bisa cinya kamar mai roƙon ruwa. Ta ce in yafe mata. Mata suka yi ca, a yafe, a yafe, ai an zama ɗaya. Na dubi tafin hannun na ce sai na yi shawara. Yau wata huɗu ke nan ina shawarar.

Malam ya dawo da farantin babu ko guda, Baba yana bayansa riƙe da murfin bokitina da takalmina ɗaya, wani ya kawo su masallaci. Rana ta yi sanyi, inuwar bango ta kai bakin murhu. Malam ya tsaya a kaina.

"Tashi, ɗiyata, tahi gida. Ta babbar hanya za ki bi, ba ta lungu ba. Babu mai taɓa ki."