Hannun Blaguna

Ni da Blaguna a ƙauye ɗaya aka yanke mana cibiya, a gindin duwatsun Prilep, inda kowane gida yake da rumfar shanya taba, kowace yarinya kuma ake miƙa mata basilla tun ba ta iya ɗaure takalminta ba. Daga wannan basillar na fara jin haushinta. Idan aka zube mana ganyen taba a tsakar gida da rani, kafin in zura igiya ɗaya ta cika biyu, tana yi tana surutu, ko kallon hannunta ba ta yi. Mahaifiyata takan leƙo ta ce, "Dosta, dubi 'yar Menka mana." Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau ban manta wannan "dubi" ba.

Ba kyau ta fi ni ba, ba kuma ƙwaƙwalwa ba. A makaranta ni ce gaba. Ita da ƙyar ta gama aji takwas, ta auri Naum mai gyaran tarakta, ta haifa masa maza biyu da suka girma suka tafi Jamus neman aiki, ta ci gaba da noman taba a gonar surukinta. Hannu ne kawai Allah ya ba ta. Duk abin da ta dasa sai ya kama. Matan unguwa kan kawo furensu da ya fara mutuwa su ajiye a barandarta, bayan sati biyu su zo su ɗauke shi shar da shi. Ita kuwa ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ni na tafi Skopje, babban birninmu, na yi karatun aikin gona, na dawo na shekara da shekaru ina sayar da taki da maganin ƙwari a shago. Da aka ba da izinin noman tabar wiwi don haɗa magani, wani kamfani ya yi gini a bakin hanyar garinmu, ga katanga ga waya ga masu gadi, aka ɗauke ni aiki. Cikin shekara uku na zama shugabar ɗakin reno. A can ba a shuka iri. Reshe muke yankowa daga manyan shukokin da muke kira iyaye, mu soka shi a ɗan curin soso, mu rufe da murfin roba har ya fitar da saiwa, sannan a mai da shi tukunya a jera ƙarƙashin fitilu. Komai a rubuce yake: ruwa nawa, ƙarfe nawa, hannun wa. Ko ganye ɗaya kika tsinke sai kin sa hannu a takarda, saboda masu bincike ba sa sallama kafin su zo.

Da ciwon baya ya kwantar da Naum, Blaguna ta zo neman aiki, ni na yi mata hanya. Mutanen ƙauye suka yi ta sa mini albarka. Ba su san abin da nake so ba, wato in ga ta sa farar riga da hular roba ta tsaya bakin famfo tana wanke tukwane, ni kuma in wuce da takardu a hannu in ce, "Ki ƙara ɗauraye wannan." Na kuwa gani. Wata huɗu ina shan daɗina. Ita dai "To, Shugaba" take cewa, tana ƙunshe dariya, kamar wasan yara muke yi.

A watan Maris muka yi dashe ɗari bakwai, ɗari-ɗari a kan tebur bakwai. Ɗaya daga cikin masu ba da ruwa ta tafi haihuwa, sai na ɗora Blaguna a kan tebur na bakwai, can ƙurya, na nuna mata jadawali: ruwa safe da yamma, kofi ɗaya kowace tukunya, sa hannu a nan.

Kwana uku da dashen, tsiron ya fara yaushi. Ganye ya lanƙwashe ƙasa, na gindi suka fara zama ruwan ɗorawa. Na ce ƙishirwa ce, na sa a ƙara rabin kofi. Na auna tsamin ruwan da na'ura, daidai. Na auna zafin ɗaki, daidai. Na ce to yunwa ce, na ƙara taki. Na ce ko haske ne bai ishe su ba, na ƙara wa fitilu ƙarfi. Duk abin da na yi sai ka ce zuga su nake su mutu. A kwana na shida wasu sun kwanta a bakin tukunya.

Gligor, manajanmu, ya shigo ya zagaya hannu a baya. Mutum ne marar hayaniya, shi ya sa maganarsa take shiga.

"Dosta, an riga an sayar da abin da waɗannan za su bayar, kin sani."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ina kan bincike."

"Akwai wata yarinya da ta gama jami'a a Skopje, masu kamfanin sun dame ni da maganarta. Na ce musu ina da mai riƙe da ɗakin. Kada ki ba ni kunya."

Ya fita. Ɗakin nan shi ne abu ɗaya a rayuwata da na riƙe ba a ce mini in dubi 'yar Menka ba.

Sai a ranar na taka har ƙurya. Tebur na bakwai yana tsaye cak, kore, ganye a buɗe, har wasu sun fara sabon toho. A samansa an maƙale wata farar riga da maƙalan shanya tana tare hasken fitila. Fankar wajen kuma an juya mata fuska ta kalli bango. Ban yi murna ba.

Na same ta a bakin famfo.

"Blaguna, yaushe rabonki da ba tebur na bakwai ruwa?"

"Talata."

"Talata? Yau Juma'a! Ga sa hannunki nan safe da yamma."

"Ai takardar na shayar, Shugaba. Ita ba ta ruɓewa."

"Wasa kika mai da aikin? Kin san inda kike kuwa?"

Ta kashe famfo ta goge hannu a cinya. "Ke Dosta, karatun ne ya mantar da ke? Yaya muke dashen taba? Ki dasa, ki ba shi ruwa sau ɗaya ya ƙoshi, ki juya masa baya. In kina bin sa da kofi, yaushe zai miƙa saiwa ya nema? Waɗannan jarirai ne fa. Shekaranjiya suna cikin murfi a lulluɓe, yau kin tsayar musu da rana a ka, ga iska tana marinsu, ga ƙafarsu cikin taɓo. Ko ke aka yi wa haka ai kin kwanta."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Ranar Laraba na ce ruwan nan ya yi yawa, kika ce in ƙara ɗauraye tukunya."

Gaskiya ne, haka aka yi. Na ce, "To ta yaya kike sanin lokacin da suke so?"

Ta ja ni zuwa teburin, ta ɗaga tukunya ɗaya da yatsu uku ta ajiye. "Wannan sai gobe da yamma." Ta ɗaga ta kusa da ita. "Wannan yau. Ɗaga ki ji."

Na ɗaga ta farko, na ɗaga ta biyu. Wallahi nauyinsu ɗaya a hannuna. Na gyaɗa kai kamar na ji.

Da ta koma bakin famfo, na zare tsiro ɗaya daga teburina, ɗaya daga nata, na kakkaɓe ƙasar. Saiwar nawa ta yi launin ƙasa, tana yauƙi, tana warin kwata. Tata fara tas kamar sabon zare, ta zagaye curin sosan tana neman hanya. Babu sauran bincike. Ni na nutsar da su da hannuna, kuma mai wankin tukwane ce ta gano.

Ba zan ce shaiɗan ne ya zuga ni ba, idona biyu na yi abin da na yi. Na hango Gligor tsaye gaban tebur na bakwai yana tambayar wa ke kula da shi. Na hango labarin ya isa ƙauye kafin motar ma'aikata ta isa. Na ji muryar mahaifiyata, wadda ta shekara tara a ƙasa. Sai na cire farar rigar daga saman teburin, na ninke ta, na shiga ofis na rubuta rahoto: ma'aikaciya Blaguna ta sa hannu a kan aikin da ba ta yi ba har sau shida, ta taɓa fitila da fanka ba da izini ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ban rubuta ba shi ne yadda teburinta yake.

Gligor ya karanta ya dafe goshi. A wurin da ake haɗa magani, sa hannun ƙarya ba abin da ake yafewa ba ne. Ranar Litinin aka karɓe katin shigarta a bakin ƙofa.

Tun ranar Juma'ar nan na riga na tsayar da ruwa a tebur shida, na daina taki, na rage fitilu, na juya fankoki. Na rubuta shi a matsayin sabon tsari, da sunana a ƙasa. Wajen ɗari da ashirin sun riga sun yi nisa, aka zubar. Sauran suka ɗago kai a hankali, bayan kwana goma ɗakin ya koma kore. Gligor ya sa aka manna tsarin a bango, aka daina maganar yarinyar Skopje. Na nemi a sayo mini sikeli, kullum da safe ina ɗora tukwane ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lamba. Aikin da take yi da yatsu uku tana tafiya, ni yana cin mini awa biyu.

Na riƙe ɗakina, amma hankalina ya ƙi kwanciya. A farkon Mayu, bayan idin coci na Waliyyi Jojis, lokacin da kowa ke shirin dashen taba, na ɗauki ƙullin gahawa da kwalin alewa na nufi gidanta. Ba neman gafara ya kai ni ba. So nake in ga ta ɓata rai, ta zage ni, ta rufe mini ƙofa, ko na samu in ce ashe ita ma mutum ce irina.

Naum yana zaune a baranda da matashi a bayansa. Na gaishe shi, ya kalli tsaunuka. Ita tana bayan gida, duƙe a kan fangalin iri, tana cirar na dashe tana jerawa a akwati.

"A'a, Shugaba da kanta! Sun tashi?"

"Su wa?"

"Jariran mana."

"Sun tashi. Ɗari da ashirin ne suka mutu."

"Kash. Da kin ji ni tun Laraba da ko hamsin ba za su kai ba. Na kusa da ƙofa fa ki sa musu ido, duk buɗewa iska na dukansu."

Na kasa haƙuri. "Blaguna, ni na rubuta rahoton nan."

"Na sani mana. Gligor ya nuna mini. Wa ke da rubutu mai kyau haka a garin nan? Tun aji uku nake kwafa a littafinki."

"Shi ke nan? Ba ki ji komai ba?"

Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta dube ni sosai. "Na ji, Dosta. Na zage ki har sai da Naum ya ce maƙwabta na ji. Allurar bayansa da muka fara a asibitin Bitola mun dakatar da ita, ga shi can yana zaune. Sati uku ko sunanki ba na so a kira. To sai iri ya isa cira, shi kuma ba ya jiran mutum ya gama fushi." Ta karɓi gahawar daga hannuna ta sunsuna. "Wannan mai kyau ce. Bari in ɗora."

Ta yi taku biyu ta tsaya, ta ɗauko wata tukunyar barkono daga kan dakali ta ɗora mini a hannu.

"Tunda yanzu ke ce mai tsari a bango, ɗaga ki gaya mini, wannan yana son ruwa?"

Ta shige kicin. Ina jin ƙarar cokali a butar gahawa, ina ganin ƙeyar Naum ta taga. Na ɗaga tukunyar da yatsu uku yadda take yi, na sauke, na sake ɗagawa. Na canza hannu. Har ƙamshin gahawa ya fito tsakar gida ina tsaye da ita, ban san amsar ba.