Ƙahon da Muka Kafa wa Ƙafar Maigidana

A lokacin ni matar manomi ce a wani ƙauye na ƙasar Hawandawaki. 'Ya'ya sun watse neman abinci, daga ni sai maigidana, sai awaki da rumbun hatsi. Ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ke rubuta wannan don a kai jarida, ina faɗa ina kuka, tana jirana.

Abin ya fara ne daga yatsun ƙafarsa ta hagu. In ya dawo daga gona sai su yi fari fat kamar an barbaɗa musu toka, sanyi ƙalau ko da rana tsaka. In ya zauna ya saki ƙafar ƙasa su koma ja, wani lokaci shuɗi-shuɗi. Shi da kansa yake musu ba'a, wai ƙafarsa ta shiga siyasa, kullum da rigar da take sawa. Ni kuma in ce masa tsufa ne ya biyo ta ƙasa don ya ji tsoron bakinsa. An taɓa gaya masa a asibiti yana da ciwon suga, aka ce ya bar suga da taba. Suga ya bari, taba kuwa ya ce sai dai a binne su tare. Wannan tafiya da dawowar launi ita ta yaudare mu. Ko man shanu muka shafa ko sassaƙe muka jiƙa, sai jan ya dawo, mu ce magani ya ci.

Da babban yatsan ya yi duhu ya ƙi washewa, yayansa ya duba ya ce mataccen jini ne ya kwanta, kuma kowa ya san maganinsa ƙaho. Babu wanda ya musa, har ni, don an taɓa yi mini a gadon baya na ji daɗi. Wanzamin garinmu, mutumin kirki, ya tsattsaga bayan ƙafar ya kafa ƙaho, ni na riƙe ta a cinyata. Jinin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi ƙirin. Muka yi ta hamdala wai cuta ta fita.

Tsagar ba ta rufe ba. Ta soma ruwa, ta soma wari, har ya hana jikokin da suka zo duba shi shiga ɗakinsa don kunya. Muka ɗora shi a amalanke zuwa Tasawa. Likitar da ta duba shi ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce akwai ƙananan hanyoyin jini da suka fi gashi siranta, masu buɗewa da tsukewa da kansu, kamar mai lambu yana sakar wa wannan fangali ruwa yana toshe wancan. Nasa hanyoyin kuwa, suga da taba sun cinye su. Ɗan jinin da ke lallaɓawa ya kai can shi ke riƙe da ƙafar, kuma ciwon da jini bai isa wurinsa ba ba ya haɗewa. Ta ce a kai shi Maradi a yanke daga ƙasan gwiwa.

Ya ƙi. Ya ce da ƙafa biyu Allah Ya aiko shi, da biyu zai koma. Na durƙusa, na roƙe shi, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ce in yi haƙuri in kai shi gida. Hatsin da ya shuka yana fara fid da kai maigidana ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Ban sa rai maganata ta kai inda ya kamata ba, don masu karanta jarida ba su ke kiran wanzami ba, kuma har gobe ana kafa ƙaho a garinmu. Amma ku da kuke da tsofaffi a ƙauye, ku riƙa duba ƙafafunsu, balle masu suga. Kada aska ta taɓa yatsan da ya yi sanyi ya yi duhu, ku kai shi asibiti tun fatar tana rufe. Ƙafar da ke sauya launi safe da yamma ba warkewa take yi ba, sallama take yi.