Ranar da Muka Yi wa Malama Amshi

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana New York, wasu na manta, wasu ina ma in manta. Amma akwai wata Lahadi da la'asar, a wani ɗan gidan shan kofi a Manhattan, wadda har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin furfura ta fara fito mini, ina aikin wankin mota a unguwar Bronx, amma ko sunan titin da nake kwana ban iya karantawa ba. Sai na shiga ajin manya da ake yi a wani ɗakin karatu a Tremont, nan cikin Bronx. Malamarmu wata siririyar Baturiya ce 'yar kudancin ƙasar, wadda ta tashi a gonar mahaifinta cikin shanu. Kyauta take koyar da mu. Da rana tana raba abinci a wani gidan cin abinci, amma abin da ya kawo ta birni waƙa ce, irin ta mutanen karkararsu da suke kira kantiri, ta gauraya ta da salon zamani. Ita ke rubutawa, ita ke kaɗa gita, ita ke rerawa.

Idan mun gaji da littafi, sai ta rubuta mana layi ɗaya daga waƙarta a allo mu haɗa baƙaƙen. Akwai wanda na fi wata ina fama da shi. Ranar da na karanta shi ni kaɗai, ta fassara mini ma'anarsa: shanu sun koma gida, saura ni. Sai ga garkenmu na ƙauye kusa da Maradi a idona, ga mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi shekaru yana ɗan amshin wani makaɗin noma.

Na tambaye ta, "Malama, to su wa ke amsa miki?"

Ba ta gane ba. Na ce a wurinmu mawaƙi ba ya tsayawa shi kaɗai, in ya jefa baiti akwai masu karɓa. Ta yi murmushi ta ce, "Ni bango ke amsa mini."

Bayan 'yan makonni ta shigo aji jiki a sanyaye. Ta ce kamfanonin da ta aika wa waƙoƙinta duk sun ƙi. Tana da wasa ɗaya ranar Lahadi a wani gidan shan kofi; in ta sake rera wa kujeru, za ta sayar da gitar ta bar waƙa.

Da aka tashi na tare 'yan aji na ce mu je wasan nata. Wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi ta harare ni ta ce, "Kai ɗan Nijar, da gemunka za ka kai mu gidan kiɗa?"

Na ce, "Hajiya, kofi ake sayarwa, ba giya ba. Matar nan ta buɗe mana ido."

Ta ce, "To ka biya mini kuɗin jirgin ƙasa, kuma ban zama kusa da kai."

Muka je, mu wajen goma, da manyan riguna da mayafai. Turawan da ke wurin ba su kai mu yawa ba, kowa ya riƙe kofinsa shiru. Mu ba mu san cewa a irin wurin nan shirun shi ne ladabi ba. Malama ta fara waƙar shanun, murya na rawa. Tana kaiwa layin nan na allo, na buɗe baki na karɓa da ƙarfi, da karyayyen Turancina. Hajiya ta bi ni, sauran suka ɗauka, har da tafi.

Kiɗan ya tsaya cak. Mai wurin ya nufo mu yana ɗaga hannu. Kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, na zo gyara na ƙarasa ta.

Sai Malama ta ce masa, "Ƙyale su. 'Yan amshina ne." Ta goge ido da bayan hannu, ta dube ni ta ce, "Malam, mu sake."

Ta sake jefawa, muka karɓa. A karo na gaba wani tsohon Bature mai hula ya sa baki, sai matarsa, sai wurin duka. Muryarta ta daina rawa. Ni kuwa ina amsawa ina jin kamar a bayan mahaifina nake tsaye, manoma na sunkuye a kan kunya.

Ba ta sayar da gitar ba. Kafin shekara ta zagayo ta koma Nashville, garin masu irin waƙarta, aka kawo mana wani malami. Ban sake ganinta ba.

Bayan wasu shekaru ina goge cikin wata mota, rediyo a kunne, sai na ji waƙar shanun. An ƙara mata kiɗa, amma muryar ita ce. Da ta kai layin, sai ga muryoyi da yawa sun karɓa. Na zauna a kujerar mutane da tsumma a hannu har ta ƙare. Yanzu na iya karanta sunanta duk inda na gan shi, sai dai babu hanyar da zan gaya mata. Ita ban sani ba ko ta koma gonarsu. Ni dai har yau ban koma ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutum komai baiwarsa yana iya karyewa in yana ta kira babu mai amsawa. Tun daga nan, in na ga wani yana fama shi kaɗai, ba na jira sai na iya abin kirki. Da ɗan abin da na iya nake amsa masa.