Harsasan Orval da Ba Su Isa Takarda Ba

Orval Tiedemann mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran famfunan rijiya a gonakin shanu na yammacin Dakota ta Kudu, kuma bai taɓa yarda famfo ya lalace don kansa ba, dole wani ne ya taɓa. Ni maƙwabcinsa ne tun muna da gashi a ka, ina son sa, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Da ya ajiye aiki sai ya tare a ɗakin ƙasan gidansa yana haɗa harsashi da hannunsa. Ba ya sayen na kanti, wai bai san wanda ya cika shi ba. Sikeli biyu gare shi na auna albarushi, ɗaya na gadin ɗaya. Abin harbinsa kuregun nan ne masu haƙe wa makiyaya fili, don haka ƙwayar harsashinsa 'yar mitsitsiya ce marar nauyi, mai siririn ɓawon tagulla.

Mutum ɗaya tak Orval ya yarda da shi a duniya, Delbert Kopecky, tsohon direban motar madara. Duk Asabar mu uku mukan je tsohon ramin tsakuwa gwada saiti, Orval na harbi, Delbert na takawa yadi ɗari ya ciro takardar da aka liƙa don harbi. Haka suka yi shekara ashirin.

Sai Orval ya sa wa bindigarsa sabon bututu mai murɗa harsashi da ƙarfi, ya kuma ƙara albarushi, wai yana son gudun da ba wanda ya taɓa gani a yankinmu. Asabar ta farko ya harba biyar, Delbert ya dawo da takarda mai huda biyu. Ta biyu, huda ɗaya. Ta uku, takardar fes, ko ƙwarzane babu.

Orval ya ɗaga ta ya duba ta a hasken rana, ya shinshina, sannan ya ce, "Wannan ba ita na liƙa ba."

Delbert ya yi dariya. "Kai tsoho, harsasanka ne ke fashewa a hanya. Na ga ɗan hayaƙi toka-toka a tsakiyar fili. Ka matsa musu da yawa, ɓawon ba ya jurewa."

"Harsasaina? Waɗanda na auna sau biyu?"

"Ko sau goma ka auna. Rage wuta kawai."

"Ai dole ka ce in rage. Tun da na sa bututun nan idonka ke kansa. Juya aljihunka mu gani."

Na ce, "Haba Orval, Delbert ne fa!" Ko kallona bai yi ba. Fuskar Delbert ta yi ja, sannan ya juya aljihunsa duka biyu a gabanmu. Makullin mota ne da ƙwayar maganin ciwon zuciya. Ya tsince su, ya naɗe kujerarsa, ya bar butar kofinsa a kan tebur ya tafi. Ban taɓa jin kunyar wani kamar yadda na ji ta Orval ranar ba.

Asabar ta gaba na zo da faffaɗan kwali na kafa shi yadi talatin kacal. Orval ya harba uku, ya taka da kansa. Kwalin ya yi ɗigo-ɗigo da ɓarɓashin darma kamar an barbaɗa masa barkono. Ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Na zaci zai ce wani abin kirki, sai ya ce, "Wa ya ba ka dabarar kwalin nan? Kun yi magana da shi ke nan?"

Amma ya rage albarushin a ɓoye, bai gaya wa kowa ba. Bayan wata guda ya harba biyar, duka suka shige wuri ɗaya, ɗan yatsa ya isa ya rufe su. Tun da yake bai taɓa yin harbi irin wannan ba. Ya tsaya riƙe da takardar yana waige-waige, ni kaɗai ne a wurin. Can ya miƙo mini ita, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "In ka bi ta wajensa, nuna masa. Kada ka ce ni na aiko."

Na sami Delbert yana gyaran shinge. Ya sa tabarau, ya duba takardar sosai, na ga har ya so ya yi murmushi. Sai ya ninke ta ya mayar mini.

"Ce masa ni na huda su da ƙusa."

Shekara biyu ke nan ban isar da saƙon ba. Duk Asabar Orval yakan tambaye ni abin da Delbert ya ce, in ce masa ban same shi a gida ba, shi kuma ya bi ni da wani irin kallo.