Zanin da Ban Ɗaga Ba

Ni ce ’yar farin mahaifiyata, kuma a gidanmu wannan ba matsayin da ake tinƙaho da shi ba ne. Mu Fulanin gefen Beli ne a ƙasar Rogo, masu noman dawa da gyaɗa da ’yan shanu, Hausa a kasuwa, Fulatanci a tsakar gida. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, ita na taso ina ce wa Inna. Wadda ta haife ni kuwa, ƙannena suna ce mata Dada, ni Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana nemana sai ta ce wa yara, “Ku ce wa ta ɗakin tsohuwa ta zo.” Amma duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai a tarar da fura mai ɗumi da nono mai kauri a bakin ƙofarmu, ba a san wanda ya ajiye ba.

Ban taso da haushin wannan ba, don kowace ’yar fari a unguwarmu haka take. Na yi karatu, na yi aure a Karaye, ina koyarwa a firamare. Wanda ya san ni ya san bakina ba ya mutuwa. Na taɓa tsayar da direban mota a tsakiyar hanya na wanke shi tas saboda gudu, fasinjoji suna ba ni haƙuri. Amma da na shiga gidanmu na durƙusa gaida Adda, sai bakin nan ya tafi kiwo.

Ciwon nata ya fara ne da kaka, bayan an cire gyaɗa. Autarmu ce ta lura. In sun ɗauki ƙwaryar nono za su kasuwa, sai Adda ta tsaya a hanya ta sunkuya, ta ce ƙaya ce ta soke ta. Wata uku tana cire ƙaya ɗaya. Sai ranar da ta zube a gindin ɗorawa tana dafe da ƙirji aka san ba ƙaya ba ce. Daga asibitin Rogo aka turo ta Karaye, daga Karaye aka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Da yake ni ce mai boko, ni aka ɗora wa magana da likitoci. Jinya kuwa, wato wanka da kama ruwa da canjin zani, ba wanda ya ma tsaya tattaunawa, aikin auta ne.

An sa mana ranar Alhamis. Ranar Talata auta ta koma gida don ta ɗauko jaririnta da ta bari yana ƙin cin abinci, da niyyar dawowa kafin aikin. Laraba da sassafe aka ce an samu gurbi, yau za a yi. Na buga mata waya, ta ce ga ta nan tafe, amma motar Rogo ba ta tashi sai ta cika. Haka aka bar mu mu biyu.

Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya ɗauko irin abin da za a yi aikin da shi a cikin ledarsa ya nuna mana: wani siririn bututun roba, kaurinsa kamar taliya, tsawonsa ya fi hannuna, bakinsa a ɗan lanƙwashe. Ya ce sunansa kateta. Ba yanka za a yi ba, ’yar huda ce. Za a zura shi cikin jijiyar jini a tura a hankali har ya isa bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, a feso wani ruwa da ke fitowa a hoto, a ga inda hanya ta toshe. Ya taɓa wuyan hannun Adda ya daɗe yana lalube, sannan ya ce jijiyar ta yi siranta da yawa, sai dai a bi ta matsematsin cinya.

Adda ta juya fuska bango. Ta ji Hausarsa sarai, amma na maimaita mata da Fulatanci, kuma da na zo wurin sai na ce “ta ƙafa.” Sai Adda ta juyo ta kalli nas ɗin da ke tsaye ta ce, “Zuciya tana nan sama, su kuma za su biyo ta can ƙasa? Ashe mai zuwa Karaye yakan bi ta Zariya.” Kowa ya yi dariya har likitan. Ni ma na yi, a ɓoye, cikin mayafi.

Kafin Azahar an gama. Idonta biyu aka yi, allurar kashe zafi kawai aka yi mata a wurin. Likita ya kira ni ya nuna mini hoton a allo. Jijiyoyin sun bazu kamar saiwar gyaɗa, ɗaya ta tsuke a tsakiya har da ƙyar ake ganin wucewar ruwan. Ya nuna hoto na biyu, bayan sun buɗa wurin sun sa wata ’yar ragar ƙarfe ta tokare shi, ruwan yana wucewa salin alin. Ya ce in Allah ya yarda gobe ko jibi za mu tafi gida. Na fita baranda na yi kuka na murna, na kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya.

A ɗakin mata aka kwantar da ita rigingine, an danne wurin hudar da auduga da filasta mai faɗi, an sa mata ƙarin ruwa don ya wanke ruwan hoton daga jikinta. Nas ta ce, “Hajiya, ke ce mai jinya?” Na ce ni ce. Ta ce, “To ki ji da kyau. Awa shida ba tashi, ba zama, ƙafar dama ba lanƙwasawa. Babbar jijiya aka huda, in ta buɗe ba wasa. Lokaci-lokaci ki ɗaga zanin ki duba, in kin ga jini ko kumburi ki kira mu da gudu. In fitsari ya kama ta, ga fo nan a ƙarƙashin gado, ki tura mata.” Na ce to. Wannan “to” ɗin ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi, don tun tana faɗa na san ba zan iya ba. Da na buɗe baki na ce, “Malama, ni ’yar farinta ce, a samo wata,” da an samo. Kunyar faɗar hakan ma na ji, ni mai boko.

Sau biyu nas ta zo dubawa, sau biyu ina tashi in fita in ba su wuri. Ta ce komai lafiya. Bayan La’asar aka kawo marasa lafiya da yawa lokaci guda, ma’aikatan suka koma can ƙarshen ɗaki. A lokacin na ga yatsun ƙafar Adda suna naɗewa suna warwarewa. Ruwa leda biyu ya shiga jikinta, ba sai an faɗa mini ba. Na jawo fo ɗin da ƙafata zuwa inda za ta gani. Ta ƙura wa silin ido.

Can sai ta juya wajen matar da ke gadon kusa, ta ce, “Baiwar Allah, ko ana samun goro a bakin asibitin nan?”

Adda ba ta cin goro. Tun da nake ban taɓa ganin jan goro a haƙorinta ba. Na gane aike ne, na kuma gane dalilinsa. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa ƙannena maza ba har yau: ban fita cikin rashin sani ba. Na yafa mayafina na tafi bakin ƙofa, na tsaya gaban mai goro ina zaɓa ina mayarwa, fari ko ja, har mutumin ya gaji da ni. Lokaci nake ba ta. A raina ina cewa banɗakin taku goma ne, me zai faru a taku goma?

Da na dawo tana kwance yadda na bar ta, sai dai ɗaurin zanin ya sauya gefe, takalmanta kuma a jiƙe suke. Matar gadon kusa ta yafito ni ta ce a hankali, “Mamanki ta tashi fa. Ta dafa ƙarfen ƙarin ruwan ta shiga banɗaki. Na ce ta jira ki, ta ƙi.”

Nan ma ƙofa a buɗe take. Nas tana can ina hango ta. Amma na tuna yadda suke faɗa in an karya musu doka, na hango yarinyar da ba ta kai autarmu ba tana yi wa Adda tsawa a gabana, kuma a kan fitsari. Na zauna. Na ce, “Adda, lafiya?” Ta ce, “Jam,” wato lafiya lau. Gumi ya fara tsattsafo mata a goshi, na ce ai zafin Kano ne, na ɗauki mafici ina yi mata fifita. Leɓɓanta suka bushe, na ce ai ba ta ci komai ba tun jiya. Duk abin da na gani sai na samo masa uzuri, ni da nake kama ƙaryar yara tun kafin su gama faɗa.

Sau ɗaya na gwada. Na miƙa hannu na kama bakin zanin daga wajen gwiwa. Sai ta ɗora hannunta a kan nawa ta danne, ba da ƙarfi ba, fuskarta tana bango. Hannun da sanyi ƙarara. Na janye nawa na ci gaba da fifita.

Dab da Magariba auta ta shigo da goyo a baya, ko sallama ba ta gama ba ta ce, “Dada, me ya same ki kika yi fari haka?” Ba ta jira amsa ba, ta yaye zanin kamar yadda ake yaye labule. Filastar ɗan jini kaɗan ne a jikinta. Amma daga matsematsi zuwa rabin cinya ya kumbura ya yi baƙi, ya tasa kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashin fata. Jinin bai fito waje ba, ciki yake ta zuba. Auta ta ƙwalla ƙara.

Sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Likita ya zo a guje ya danne wurin da hannu biyu, aka tura gadon zuwa tiyata yana danne da shi. An ɗinke jijiyar, an ƙara mata jini, har da nawa. Amma jinin da ya zuba ya yi yawa ga zuciyar da dama a gajiye take. Ba ta sake farfaɗowa sosai ba. Ranar Juma’a da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Likitan ya tambaye ni ko ta tashi daga gado. Na gaya masa gaskiya, har da goron. Ya ce wani lokaci jijiyar takan buɗe ko mutum bai motsa ba. Na gode masa. Na san kuma bai ce ko da an gani da wuri ba za a iya tsayar da jinin ba.

Muka iso da ita Beli kafin La’asar. Labarin ya riga mu zuwa, matan unguwa sun cika tsakar gida ana ɗora ruwan wanka. Ina ji suna cewa, “Cikakkiyar Bafulatana. Ta tafi da kunyarta, ba ta yarda ’yar fari ta ga tsiraicinta ba.” Wata ta ce irinsu sun ƙare. Yabo suke yi tsakani da Allah, ni kuma kowace kalma tana ci mini rai. Na juya wajen goggona, yayar mahaifinmu, na ce, “Goggo, kunyar ce ta kashe ta, tata da tawa.” Ta ce, “Kul, kada in sake ji. Kwana ne ya ƙare.” Na yarda kwana ne ya ƙare, ni Musulma ce. Amma ni aka ce in ɗaga zani, ban ɗaga ba, kuma ina kewarta irin kewar da ban san ana yi wa wanda ba a taɓa hira da shi ba.

Da ruwa ya yi ɗumi Goggo ta leƙo daga ɗaki ta ce ana son mutum ɗaya. Auta tana kwance ana ba ta baki, ba za ta iya ba, sai Goggo ta kira ni. Goggo da wata tsohuwa ne za su yi wankan, ta ƙarƙashin zanin da aka lulluɓe ta da shi, kamar yadda ake yi wa kowace mamaciya. Aikina in riƙe bakin zanin kada ya zame. Goggo ta ce, “Riƙe da kyau.” Na riƙe da hannu biyu, na kawar da kai. Ina jin zubar ruwa, ina jin lokacin da hannun Goggo ya isa cinyar dama ya ɗan tsaya, ta yi salati ƙasa-ƙasa ta wuce. Zanin bai zame ba ko kaɗan har aka gama.

Goggo ta dube ni ta ce, “Allah ya yi miki albarka, kin suturta uwarki.” Na ce amin. Suna so su janye jiƙaƙƙen zanin su sa likkafani, amma hannuwana sun ƙi saki, sai da Goggo ta ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya.