Taken da Ba a Kaɗa Ba

Babana ɗan kokawa ne, kuma a zamaninsa daga Gummi har Anka ba a sami wanda ya kai bayansa ƙasa ba. Amma tsufa bai san kirari ba. Gwiwarsa ta hagu ta lalace, har sai Inna ta gasa masa ita da ruwan zafi kafin ya iya zuwa fadama. Duk da haka, da aka gama yankan shinkafa aka sa ranar kokawa, sai ga shi ya fito da warkinsa na fata yana shafa masa mai.

Ɗan kokawa irinsa ba ya shiga fili sai makaɗi ya kaɗa takensa, kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai. Na san haka, shi ya sa na yi sammako wurin makaɗin na roƙe shi kada ya kaɗa na Baba. Na ce saboda gwiwar ne. Ƙarya nake yi. Lokacin na fara koyarwa a Bukkuyum, abokan aikina za su zo kallo, ni kuwa da girman kaina ba na son su ga tsohona daga shi sai warki ana tumurmusa shi a ƙasa. Makaɗin ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ka san abin da kaka roƙo kuwa?"

Da la'asar Baba ya tsaya a bakin fili, kambu a damtse, jikinsa yana tsuma. Duk sanda kiɗa ya sauya sai ya ɗaga kai ya saurara, sannan ya sunkuyar. Na ce mu tafi gida. Ya ce, "Dakanta, nawa na nan tahe." Har aka kira magariba ba a kaɗa ba.

A hanya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ashe sun mance da ni." Ya rataye warkin a ɗaki, ko kallo bai sake zuwa ba. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa, har shekara biyu, har ya rasu.

Ranar sadakar uku makaɗin ya zo ta'aziyya. Ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Ka dai hwaɗa mishi ba mancewa niy yi ba?"

Na ce masa na faɗa. Ita ce ƙaryata ta biyu, kuma har yau tana cin raina.